Abin da Trude Ta Karanta

Haske ya ratsa duhun silima, hayaƙin taba yana iyo a cikinsa. Mai fiyano ya saki kiɗa mai taushi. A kan farin ƙyalle, 'yar janar tana kuka ba murya, don masoyinta ya bi masu tawaye.

Alwin ya zunguri matarsa da hannu ɗayan da yaƙi ya bar masa.

"Tsohuwa, buɗe ido ki ga wanda kika aura. Duk Berlin aka duba, ni aka zaɓa in fito a fim ɗin nan."

"Kai da guragu nawa aka kwasa a bakin tasha?" in ji Trude.

"Su cikon fili ne. Ni ko bama-bamai sun gwada ni sun haƙura."

Bai taɓa zama a aji ba, yana tasowa aka tura shi kiwon aladu. Da yake fim ɗin ba ya magana, duk rubutun da ya fito Trude ce ke raɗa masa a kunne.

*

Sai ga shi nan a jikin ƙyalle. Tsofaffin sojoji masu dungu da sanduna suna tafe cikin hayaƙi, a hankali, kamar masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Alwin ne a gaba, hannun rigarsa fanko yana kaɗawa, lambar yabonsa tana ƙyalli. Rubutu ya fito: "Tarkacen da suka ci amanar ƙasa."

"Me aka ce? Yi sauri mana!"

Trude ta dube shi. Tun da ya koma tallar ashana ba ta ƙara ganin ya ɗaga kai haka ba.

"Wai... jaruman da ƙasa ba za ta manta da su ba."

Sojojin janar suka buɗe wuta. Alwin na jikin ƙyalle ya kife. Silima ta ɗauki tafi.

"Kin ji ko? Ni suke tafa wa!"

"Na ji, Tsoho."

*

Da aka tashi, rana ba ta faɗi ba. Ya rataya tirensa na ashana a wuya, ya tsaya bakin ƙofa, ya turo ƙirji don a gane shi. Mutane suka yi ta wucewa suna yabon idanun 'yar janar. Wani mai doguwar hula ya ture shi da sanda.

"Kwarjini na yi musu," in ji Alwin.

Trude ta matso kusa da shi. Ta naɗe masa hannun rigar da ke reto, ta soke da fil.