Giginyar Farfesa Eleuterio

A duk birnin Barranquilla ba a yi mutumin da ya san inda ake dasa itace kamar Farfesa Eleuterio Mendívil ba. Shi ya sa ranar da za a kai shi makabarta maza shida suka yi cirko-cirko a falonsa, akwatin gawa a kafaɗa, sun rasa ta inda za su fita.

Giginyar ado ce, mai ganye ruwan toka, faffaɗa kamar mafici. Ya dasa ta tana 'yar mitsitsiya dab da bakin ƙofa, ya ce ya gama lissafin girmanta. Yanzu gindinta ya fi ganga, mai shiga gidan sai ya karkace. Jiya a tsaye aka shigo da akwatin, lokacin babu kowa a ciki.

Doña Hermelinda, maƙwabciyarsa ta jikin katanga, tana riƙe da tiren kofi tana kallo. Shekara da shekaru itacen nan ya tare mata rana, shanyarta ba ta bushewa sai yamma. Ta laluba haushin a ranta, ba ta same shi ba. Ba ta sami komai ba.

"A miƙar da shi tsaye mana," in ji Fulgencio mai aski, yana haki. "Ai a tsaye ya koyar da mu."

"Ka miƙar da ubanka," in ji ƙanen mamacin.

"To a kawo gatari," in ji Fulgencio.

Matar mamacin, Doña Nicanora, ko kai ba ta ɗaga ba. "Wanda ya sare ta, ya haɗa da ni. Shekaranjiya maigidan bai tambayi 'ya'yansa ba. Cewa ya yi, an ba ta ruwa?"

Direban motar gawa ya leƙo ya ce fada, limamin coci, ba zai jira ba. Zafi kuma ya soma aikinsa, mata sun fara toshe hanci da hankici a fakaice.

Hermelinda ta ajiye tiren. "Ku bi ta baya, ku fasa katangar tsakaninmu."

"'Yar'uwa, ai kicin ɗinki ne a wajen," in ji Nicanora.

"Na san inda kicin ɗina yake."

Aka samo guduma. Farfesa, wanda bai taɓa taka gidanta ba yana raye, ya ratsa tsakanin murhunta da randar ruwa, ya bi ta falonta, ƙafafu a gaba, ya fita titi. Wani ya take mata tukunyar barkono. Fulgencio ya ce za su dawo su gyara, irin yadda ake faɗa a ranar jana'iza.

Ba ta bi su makabarta ba. Ta zauna a kan guntun bulo da farantin shinkafa a cinya, tana tsince ɓarɓashin siminti. Kajin Nicanora suka shigo ta ramin katangar, suka wuce ta gabanta. Ta janye musu ƙafa.