Buhu Ba Hannu Ke Ɗaukarsa Ba

Uwar Dogo ta kife takalminsa na ƙwallon kwando za ta wanke, sai ƙwayoyi jajaye suka zubo suka watsu a kan siminti.

Ubansa, tsohon ɗan dako da ya shekara talatin yana sauke buhuna daga mota, ya tsinci ɗaya ya juya ta a tafin hannu.

"Dogo, wannan fa?"

"Maganin baya ne, Baba. Mai yi mana tausa a kwaleji ke ba mu. Kyaftin ɗinmu ma bibbiyu yake sha. Saura wata biyu wasan ƙarshe, kuma koci ya ce duk wanda bayansa ya gaza, cire shi zai yi."

"Na san ta tun ba a haife ka ba. Ba ta kashe ciwo, bakinsa kawai take toshewa." Ya dangwali cikin yaron da yatsa. "Dube ka, tsayi kamar falwaya, tsakiya kamar dafaffiyar taliya. Buhu ba hannu ke ɗaukarsa ba, ƙugu ne."

* * *

Makon farko da uban ya raba shi da ƙwayar, Dogo ya sha wuya. Zufa, makyarkyata, abinci ya ƙi zama. Uwar tana jiƙa tsumma tana shafa masa goshi, tana hararar mijinta. Shi kuwa ko gezau.

Da jiki ya lafa, tsohon ya cika bokiti fal da ruwa ya ba shi a hannu ɗaya, ya ce ya je ƙofar gida ya dawo, kada kafaɗa ta karkata. Sannan ya sa shi ya dogara da gwiwoyin hannu da yatsun ƙafa, jiki miƙe kamar katako, ya ɗora masa kofin shayi a gadon baya.

"Baba, cikina zai tsage!"

"Ya tsage, uwarka na da allura. Shayina dai kada ya zube."

Ya zube sau ba adadi. Ranar da bai zube ba, tsohon ya ɗauke kofin ya shanye.

* * *

Ranar wasa, ana saura daƙiƙa huɗu, an fi su Dogo da maki ɗaya. Dogo ya tashi sama da ƙwallo. Wani ƙato ya bangaje shi a iska, irin bangazar da a da take ninke shi biyu. Bai lanƙwashe ba. Ƙwallo ta faɗa raga.

Ɗakin wasa ya ɗauki ihu. Tsohon ya jefa hularsa sama.

"Ɗana ne! Ni na yi masa ƙugu!"

Suna fita, Dogo rungume da kofin gasar, suka tarar da kyaftin, wanda aka cire makonni uku da suka wuce, zaune jingine da bango. Idanunsa a lumshe, fankon takardar ƙwaya a cinyarsa. Kowa ya watse, shi yana nan yana tafa hannu a hankali.