Ƙwarin Za Su Fito Babu Nicanor

…kuma wai ba hana shi aka yi ba. Haka matar ofishin baƙi na jami'arsa ta Amurka ta faɗa ta waya, da murya irin ta mai lallashin yaro ya sha magani. Ba hana ka aka yi ba, Dakta Alvarenga, jira ne kawai. Duk wanda ya shiga Amurka da bizar malami mai bincike, da zarar an rufe shirinsa, ba ya komawa da irinta sai bayan shekara biyu. Ko wata bakwai ya yi, ko shekara biyar ɗin ya cinye, duk ɗaya. Jira ne kawai… To ta je ta gaya wa ƙwarin su jira.

Nicanor Alvarenga yana kwance cikin ragar lilo a barandar gidan ubansa a garinsu Suchitoto, can ƙasarsu, rana ta take, riga ta manne masa a baya. Chicharra, ƙwarin nan 'yan uwan gyare, sun cika mangwaro da kuka har kunne na zafi. Na gida ke nan, masu zuwa duk shekara gab da bikin Ista na Kirista. Nasa ba su ba ne. Nasa suna can Ohio ta Amurka a ƙarƙashin ƙasa, masu jajayen idanu, shekara goma sha bakwai suna tsotsar saiwa cikin duhu, sannan su fito gaba ɗaya, su yi 'yan makonni suna ihu, su mutu. Bana ne. Watan Mayu — saura wata biyu.

Hamsin da shida, a ƙara goma sha bakwai… a'a. Ya yi wannan lissafin da safe, amsar ba ta canza ba.

Rabin rayuwarsa yana rubutu a kan ƙwaron da bai taɓa ganin tashinsa ba. Matattu a soke da allura, tsutsa a kwalba, hotunan wasu. Ta yaya abu a cikin duhu yake sanin shekara ta cika? Tambayar ke nan, tun yana saurayi. A fitowar da ta wuce babu wanda ya san sunansa balle ya gayyace shi. Sai bara Farfesa Odell, tsohuwa mai yawo da takalmin ruwa, ta kira shi, ta nuna masa wani gefen daji ta ce, nan naka ne. Da gwiwoyinsa ya bi gindin bishiyoyin yana binne ma'aunan zafi. Har yanzu gwiwar hagu ba ta yafe masa ba.

Nica, Mama ta tafi. Ka zo — muryar Yaya Tencha, yayarsa, a waya, Satumba, hannunsa duk laka.

Addu'ar kwana tara. Mata da carbi, kofi, kujerun roba na aro, ƙamshin furanni da suka fara ruɓewa. Rana ta goma ya jawo akwati. Wai kai wane irin ɗa ne? in ji Tencha. Ƙwaro ya fi maka uwarka? Ka bari a yi arba'in mana, malam likitan gyare. Ya zauna. Kafin arba'in Baba ya zame a banɗaki, ƙugu ya karye. Ya ƙara zama. Wa zai ɗaga tsoho, Tencha da ciwon bayanta?

Sai ya rubuta wa mutanen jami'ar. Ba wanda ya tambaye shi fa. Tarbiyya ce kawai, kada a bar mutane suna jiran gawon shanu. Ban san ranar dawowata ba, kada in tsayar muku da aiki. Su kuma suka yi abin da doka ta ce, suka rufe shirin, har da yi masa ta'aziyya a ƙasa. Da ya yi gum kamar mara kunya… da ya ce mako mai zuwa, mako mai zuwa… Ladabi ne ya ci shi, ba komai ba.

Bizar yawon buɗe ido? An ba shi ranar ganawa a Oktoba, lokacin ko ɓawon ƙwarin an share daga titi. Ko da ya samu, ido ne nasa, hannu a aljihu, ba ya taɓa aiki. Ta gajeren zango? Gurbin ɗaya ne, an riga an ba wata daga Koriya. Mutuniyar kirki, an ce. Ita za ta tono ma'aunansa, ta karanta abin da ƙasa ta rubuta masa. Za a sa sunansa a takardar binciken, na uku ko na huɗu.

Zan ɗaga maka waya sama ka ji su, in ji Odell. Da zuciya ɗaya ta faɗa, shi ya sa ya fi ciwo. Ita ta ga fitowa uku.

Daga ɗaki Baba yana tari, tari mai tsawo, sannan shiru. Nicanor ya kasa kunne… numfashi ya dawo.

Mama ce ma ta fara sa masa wannan ciwon. Ta kamo chicharra a tafin hannu, hannu mai warin albasa, ta nuna masa ɗigo uku a goshinta. Ka gani? Ƙusoshin Yesu ne. Kuka suke yi masa, kada ka kashe. Yana ɗan shekara shida. Ita ta saya masa madubin ƙara girma, ita ta tsaya gaban Baba ranar da ya ce yaro ya bar bin ƙwari ya koyi aikin gona. Ita ta… shekara tamanin da takwas ta yi. Tamanin da takwas, da ƙafarta, da bakinta. Wata tara kacal ya rage. Da ta kai Yuni. Da ta ɗan jira, me zai —

Ragar ta tsaya.

Wa ya faɗi wannan? Tunanin nan ba yau ya zo ba. Ya san shi. Tun Satumba yake ƙasa, yana tsotsa a hankali, shi kuma yana ta zagin matar ofishi, da dokar, da Tencha, don kada ya waiwaya ya gan shi. Ba da su yake fushi ba.

"Nica, kyandir ɗin gaban hoton Mama ya mutu," in ji Tencha daga madafa. "Tashi ka kunna, hannuna da ƙullu."

Ke nan dole ya je ya tsaya a gaban Mama. Dole ya ɗaga kai, ashana a hannu, ta dube shi daga cikin gilashin da murmushin nan na ranar da ya karɓi digiri.

"Ina zuwa, Yaya."

Ƙafa ɗaya ta sauka daga ragar ta taɓa siminti. Ɗayar ta ƙi.