Kanwa a Fuskar Uwar Amarya

Hajiya Kaltume, sakatariya a wata ma'aikata da ke Doka, mace ce da hannunta bai san kaɗan ba. In gishiri ne ta zuba, in magana ce ta yaɓa. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar mijinta, ita kaɗai ta yi ɗawainiyar 'yarta tilo, Umaima, har yarinyar ta gama karatun haɗa magunguna. Yanzu ga biki ya matso, kuma burin Hajiya ɗaya ne tak: ranar walima ta tsaya gefen 'yarta a hoto, duniya ta ga uwar da ta yi wannan aiki.

Wadda ta ɓata mata lissafi ita ce Fadila, ƙanwar marigayi da ke aure a Katabu. Ranar sa rana ta ƙare wa Hajiya kallo, ta ce cikin tausayin ƙarya wai matar Yaya fuska ta sha wahala. Fadilar da ba ta shafa komai sai man kaɗanya, amma fata sumul! Hajiya ta haɗiye maganar, sai dai ta tsaya mata a rai.

Matan ofis kuwa, Allah ya shirye su, kowacce likita ce. Kafin sati ya zagayo sun sa ta sayi kwalabe uku: mai asid na saɓule matacciyar fata, na bitamin mai haska fuska, da wani na goge tamoji. Umaima ta karanta bayan kwalaben ta riƙe baki. Ta ce biyu daga ciki tsami ne zalla, na ukun kuma shi kaɗai ma yana sa fata laushi. A ɗauki ɗaya, ɗigo kaɗan, a huta kwana biyu, a guji rana. Sauran a bar su sai bayan biki.

"Yau kuma ƙwai ne zai koya wa kaza wayo?" in ji Hajiya. "Karatun da kike taƙama da shi, wa ya kai ki?"

Saura kwana huɗu biki, amarya na can wajen gyaran jiki, Hajiya ta juye ukun a faranti kamar mai haɗa yaji, ta matse lemon tsami a kai don aiki ya yi sauri, ta laɓta. Minti biyar fuska ta ɗauki raɗaɗi. Ta ce magani ne ke aiki. Minti goma ido ya fara ruwa. Ta dangwali haɗin ta ɗora a harshe, sai da haƙoranta suka mutu.

To, ai tsami ba baƙon Hajiya ba ne. Macen da in ta yi miyar yakuwa maƙwabta ke aiko da kwano? Tsami in ya yi yawa, kanwa ake jefa masa, ko 'yar goye ta san wannan. Ta jiƙa jar kanwa mai kauri ta shafe fuskar da ita. Da ta ga wurin yana ɗan kumfa irin na tukunya, har hamdala ta yi.

Da la'asar Umaima ta dawo ta tarar da uwarta fuska ta kumbura suntum, jawur, kumatu na tsatstsafo da ruwa. Da ta ji abin da aka yi, kuka ta saka.

"Umma, fata ba miya ba ce. Da ɗan tsaminta Allah ya halicce ta, shi ke tsare ta. Haɗinki ya cinye rabi, kanwa ta kwashe sauran."

Da aka kai ta asibiti, likita bai ƙara komai a kan haka ba sai hukunci: sati uku ba hoda, ba sabulu, ba shiga rana. Ya tambaya sau biyu ko da gaske kanwa aka ce.

Ranar walima Hajiya ta fito cikin leshin da ta ɗinka tun watan jiya, ta rufe shi da hijabi har ƙasa, ga niƙabi, ido kawai a waje. Matan ofis suka yi ta yaba wannan sabon tsoron Allah, suna sunkuyar da kai suna danne dariya. Baƙin ciki kamar ya kashe ta.

Mai hoto ya ce uwar amarya ta matso. Kafin Hajiya ta tattaro hijabi ta miƙe, dangin ango, waɗanda yawancinsu daga nesa suka zo, sun ja hannun Fadila, tunda ita ce ke ta walƙiya kusa da amarya kuma ga kama ta jini. Fadila ba ta ce a'a ba. Wata dattijuwa, gwaggon ango, ta rungume ta tana sa mata albarka a kan tarbiyyar da ta ba yarinya. Umaima na ta waige tana kiran Umma, guɗa ta danne muryarta.

Sai dattijuwar ta juyo ta hangi mai niƙabi tsaye a gefe, ta russuna da ladabi, ta miƙa mata lasifika.

"Malama, a taimaka a buɗe mana taro da addu'a."

Hajiya Kaltume ta karɓa. Ta yi wa 'yarta addu'a mai tsawo, hawaye na bin ɗanyar fatar nan a ƙarƙashin niƙabi suna ƙona ta, jama'a na ta cewa amin.