Makin Sista Ummusalma

Tun Musaddiq bai iya ɗaura wando ba gwaggonsa Ummusalma take aikin jinya a ɗakin tsofaffin mata na wani asibiti da ke gangaren Tina Junction. Yanzu ga shi ya girma, har asibitin ya ɗauke shi aiki, kuma shi aka ɗora wa raba takardar tambayoyi don a auna yadda ma'aikata ke ganin kulawar da suke yi wa majinyata. Kowa zai ba kansa maki daga ɗaya zuwa biyar a kan kowace tambaya. Kana sauraron marar lafiya? Kana tambayar abin da yake so kafin ka yanke masa?

Favour, wata ma'aikaciyar jinya wadda ko shekara ba ta cika a ɗakin ba, ta zabga wa kanta biyar daga sama har ƙasa, ta ce ai gaskiya ce. Ummusalma kuwa, shugabar ɗakin, biyu ta bi ta rubuta a kowane layi, kamar mai tsoron biron zai ƙare.

Da biyun ta tsaya a takarda, da sauƙi. Sai shugaban asibitin ya ce duk shugaban ɗakin da makinsa bai kai uku ba za a mayar da shi sito, ya je ya ƙirga zannuwan gado. Abin ya yi wa Musaddiq ciwo ƙwarai, don ya san in aka raba gwaggonsa da tsofaffin nan an gama da ita.

Ya same ta zaune a bakin gadon Inna Hajjo, wata tsohuwar Bafulatana daga wajen Vom da ta yi rantsuwa ba za ta ci abincin asibiti ba. Ummusalma tana dama mata furar da ta zo da ita daga gida. Gadon ma an karkata shi, domin tsohuwar ta ce tana so ta riƙa hango dutse ta taga.

"Gwaggo, na kawo sabuwar takarda. Ki sake cikewa."

"Na cike ai."

"Biyu fa kika ba kanki. Ko oga sai da ya yi dariya."

"Yabon kai jahilci, ɗan nan. In zauna in rubuta da hannuna cewa na iya? Jiya ma Inna ta kira ni ban zo da wuri ba."

"Kina wajen wadda ta faɗi a banɗaki," in ji Favour daga can. "Ni na gan ki, Sista."

"Wa ya sa bakinki?" in ji Ummusalma.

Musaddiq ya rage murya. "Sito za su kai ki, Gwaggo. Ƙarshen wata."

Ludayin ya tsaya a cikin kwano. Ummusalma ta dubi gadajen ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi biron, ta ɗora shi a kan lamba biyar don ta kewaye ta. Hannun da ke sa allura a jijiyar da ta gagari likitoci ya kasa zana da'ira guda. Kunya ta hana ta, tsoro kuma ya hana ta ajiye biron.

"Me yaron nan yake so?" Inna Hajjo ta tambaya.

Musaddiq ya yi mata bayani a hankali, har da zancen siton.

"To ita za ta auna kanta? Mai nono ba ta cewa nata ya fi daɗi, mai sha ke faɗa. Karɓi biron, ni zan gaya maka."

Ya san ƙa'ida ba ta yarda ba, takardar ta ma'aikata ce. Amma ya karɓa. Ummusalma ta sunkuyar da kai tana ta dama furar da ta riga ta damu.

"Nawa ne ƙarshen abin?"

"Biyar, Inna."

"Huɗu zai hana a ɗauke ta?"

"Zai hana."

"To rubuta huɗu."

Favour ta riƙe baki. "Haba Mama, duk wannan hidimar, huɗu?"

Tsohuwar ta miƙa hannu ta kama gefen rigar Ummusalma ta damƙe.

"Ɗayan yana wurina," ta ce. "Ta dawo gobe ta nema."