Gangar ƙarshe ta Dosinda

Eladio ya riga ya zura tiyo a cikin gangar, ɗaya bakin yana kwata, lokacin da Sabela, ƙanwar marigayiya matarsa Dosinda, ta banko ƙyaure da kwando a ka, takalman robarta duk lakar bakin teku.

"Kai mijin Yaya, me zan gani haka? Ɓeraye za ka yi wa walima?"

"Zubarwa zan yi. Ta lalace."

Farar giyar da ke cikin gangar nan ita ce ta ƙarshe da hannun Dosinda ya taɓa. Ita ta tsinke inabin bara, tana miƙa wuya a ƙarƙashin rumfunan da kakanta ya kafa a kan ginshiƙan dutse don kada damshin ƙasa ya ruɓar da 'ya'yan. Inabin da ake kira albarinyo ne, ƙanana masu kaurin fata, irin da ruwan saman garinsu Meaño bai cika cin galaba a kansu ba. Kafin sanyi ya wuce ta rasu. Yanzu ga lokacin da duk mai rarar giya ke rataye ɗanyen reshe a ƙofa maƙwabta su shigo su sha, shi kuwa duk sanda ya kurɓa sai tsami ya kama masa haƙora. Eladio mutum ne mai taurin kai kamar jaki, kuma ya rantse gara kwata ta shanye da a ce giyar Dosinda ta ƙarshe ce ta sa mutane yatsina fuska.

Sabela ta fizge tiyon. Ta ɗiba a ɗan farin kwano, ta shinshina, ta kurɓa. Sai ta wuce kicin kai tsaye, ta dawo riƙe da ledar biskit da gwangwanin madara mai zaƙi.

"Abin da kake ci ke nan?"

"Ina dai ci."

"Tun jana'iza? Tsoho da kai kana cin abincin yaye! Wa ya taɓa ɗora albarinyo a kan biskit? Zauna nan, kar ka motsa."

Ta hura wuta da busassun rassan inabi, ta jera kifin sardin, ta watsa musu ɗanyen gishiri. Jatan landen da ta zo da su ta jefa a tafasasshen ruwan teku. Hayaƙin ya cika tsakar gida, wanda rabonsa da irin wannan ƙamshi tun Dosinda na da rai. Eladio ya kau da kai, don ƙamshin ya fama masa ciwo.

"Ci tukuna, sannan ka sha."

Ya ɓare kifi da yatsu, mai yana bin hannunsa, ya kai baki. Ya ɗauki kwanon yana shirin yamutsa fuska. Tsamin nan da ya tsana ya zo ya wanke maiƙon kifin tas, bayansa ƙamshin lemo da ɗanyen tuffa ya taso, da ɗan gishiri-gishiri a ƙarshen harshe. Giyar gidansu ce, lafiyarta ƙalau, har ta fi wadda suka sha bara. Ya ɓare jatan lande ya sake gwadawa don ya tabbatar.

Sai a lokacin ya tuna cewa tun da ya yi aure bai taɓa buɗe sabuwar ganga shi kaɗai ba. Da ya nufi ɗakin giya, Dosinda za ta biyo shi da faranti mai zafi, ta ajiye a kan gangar ta koma bakin aikinta. Shi a zatonsa yunwarsa kawai take tausayi.

Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba. Godiya ta cika masa ƙirji har ya rasa wa zai fara yi wa, mai rai ko wadda ta tafi.

"Sabela, na gode. Da kin makara kaɗan da na zubar da ita."

"Ni ai kifi kawai na gasa. Yaya ce ta ja min kunne tana kwance a asibiti. Ta ce, 'Wannan mijin nawa ya iya inabi, amma bai san bakinsa ba. Ranar da zai buɗe ganga, kar ki bar shi da cikin wofi.'"