Ramin da Na Cike

"Ina ramina?" in ji Baba Mai Makulli, yana shafa bakin bais ɗinsa da babban yatsa.

"Na cike shi, Baba. Na bi da walda, na goge. Dubi yadda yake ƙyalli."

Bai duba ba. Yatsan dai ya ci gaba da kai da komo.

Ni mai walda ne, bango ɗaya ya raba shagona da nasa shekara goma sha tara. Bais ɗin nan, ƙarfen da ke damƙe masa makulli in zai yanka, ya girme ni. Hannun ya lanƙwashe, sukurun ya yi lako-lako, in ya murɗa ƙarar har cikin haƙorana. Da aka kwantar da shi asibiti kwana uku ya bar mini shagon, sai na ce bari in yi abin kirki. Na kwance shi, na wanke da kananzir, na sa wa sukurun washa ya matse, na miƙe hannun, na ɗura giris. A bakin na ga wani ɗan rami, na ɗauka lalacewa ce. Ba wanda ya sa ni.

"Sannu, sarkin shisshigi," ya ce. Sai ya rage murya. "Shekara biyu ke nan ba na ganin haƙoran makulli. A ramin nan nake zaunar da shi, daga nan yatsana ke ƙirgawa. In ɗana ya sani, gida zai kai ni ya ajiye kamar tsohuwar kujera."

Na ɗauko zarto in sake haƙawa.

"Nan?"

"Matsa kaɗan."

"Nan?"

"Ka wuce."

Sau biyar muna yi. Ya riƙe mini hannu. "Bari haka. Shekara arba'in ce ta haƙa shi, ba zarto ba."

Cikin mako guda makullai suka fara dawowa. Ranar da ɗan ya kawo masa magani, mai ɗinkin ƙarshen layi ta shigo tana faɗa. "Baba, wannan ai ko murfin tukunya ba zai buɗe ba! Sau uku ke nan!"

Ɗan ya karɓi makullin, ya ɗaga a gabansa. "Baba, haƙora nawa ne a jiki?"

Baba ya miƙa hannu zai taɓa. Ɗan ya janye.

Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Ranar aka rufe shagon.

Sau ɗaya na je duba shi a gida. Yana zaune a bakin gado, hannun dama na murɗa iska a kan gwiwa.

"Har yanzu bais ɗin ba ya ƙara?"

"Ba ya yi, Baba."

"To, haƙoranka sun huta."

Sati shida ya yi a ɗakin nan. Ran Talata da hantsi ya cika. Likita ya ce zuciya ce. Ya dai faɗi abin da ya karanta.

Bayan kwana biyu ɗan ya turo bais ɗin a baro. "Kawu, Baba ya ce kai ka gyara, kai za ka riƙe." Har godiya ya yi mini.

Bais ɗin yana nan a ƙarshen teburina, ban taɓa damƙe komai da shi ba. Da yatsa ɗaya yake murɗuwa, shiru. In bakin ya haɗu, ko takarda ba ta shiga. Sai zane biyar na zartona, ƙura na taruwa a ciki.